Majigin Kalgo

Sau biyu Sambo masaƙi ya sa aka yi wa Kulu kitso a rana ɗaya, wai na farkon bai yi masa ba. Ƙaninta Atiku kuwa aka aske shi tas, aka rambaɗa masa kwalli har ya koma kamar ɗan mujiya.

Duk Gwandu an san tsakanin Sambo da majigi. Shi ne bara, da motar majigin ta zo gari, ya tsaya bakin masallaci yana rantsuwa dodon bango ne, wanda duk ya kalla sai ya sake alwala. Yau ga shi zai kwashi 'ya'ya biyu, mai shekara shida da mai huɗu, har Kalgo, don kawai wani mai jakin gishiri ya raɗa masa cewa ran Laraba za a nuna a can.

"Kai Sambo, lahiya kake?" in ji Inno, tsohuwarsa, mai riƙon yaran. "Marayun Allah za ka ba rana? Jira motar ta dawo nan mana."

"Inno, alkawali na ɗauka."

Inno ta dubi yaran, waɗanda ko sunan majigi ba su iya faɗa ba, balle su roƙa. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko wa Kulu sabon zane.

Motar kaya ta ɗauke su a kan buhunan gyaɗa. Ta mutu sau uku kafin Birnin Kabi, a na huɗun ta ƙi tashi. Sambo ya dubi rana, ya saɓa Atiku a wuya, ya ja Kulu. Mutumin da ko kasuwa ba ya zuwa sai ya huta a hanya, ran nan ƙafarsa ta yi magana. Dare ɗaya majigi ke yi a gari. In ya wuce, sai baɗi, in da rabo.

Sun iso an idar da Magariba. An kafa farin ƙyalle, inji na ruri, ɗan doka na jera yara a gaba da bulala. Ya nuna wa Sambo wuri mai kyau, daidai tsakiya. Sambo ya yi godiya, ya wuce. Ya ratsa taro har can gefe, inda wata mai ƙosai ta kunna fitila, inda in ka dubi ƙyallen sai ka gan shi siriri kamar bakin wuƙa.

"Baba, ba mu gani," in ji Kulu.

"Miƙe tsaye, kin fi gani. Juyo haka."

Ya share wa Atiku hanci da bakin riga, ya gyara wa Kulu ɗankwali. Har ya roƙi mai ƙosai ta ƙara lagwani. Ta dube shi sheƙeƙe: tunda take, ba ta taɓa ganin mai neman haske a wajen majigi ba.

Bayan fitilar akwai wani darni da ya zube, bayansa kuma duhu. A nan mutanen ƙauyen kutare ke zama duk ranar taro, nesa da kowa, ba mai ƙirga su cikin 'yan kallo.

Aka fara. Mai lasifika na ta bayanin wanke hannu da rufe abinci. Sambo bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Mai yiwuwa alwalarsa yake tattali. Can sai ga ƙuda ya cika ƙyalle, girmansa ya kai bijimi, yana murza hannuwa. Taro ya ɗauki ihu da dariya. Atiku ya callara ƙara.

Da kukan ya tashi, wani abu ya motsa a cikin duhun. Wata mata ce, ta rufe fuska sai idanu, hannuwa cikin mayafi. Ta matso. Ta ƙara matsowa, har hasken fitila ya taɓa gwiwarta.

"A'a! Malam Sambo? Kai da dodon bango?"

Albarka ne, dillalin da ke sayar masa da zannuwa a Gwandu, mutumin da labari ba ya kwana a cikinsa.

"Baba," Kulu ta ja rigarsa, "kuturwar ga kallonmu takai. Ta kusa taɓa Atiku!"

Albarka ya juya, ya ƙura wa matar ido, ya ɗan karkata kai. Sambo ya yi zumbur ya shiga tsakani.

"Ke! Ja da baya! Ba ki ganin ƙananan yara?"

Ya jefa mata ƙosai ɗaya a ƙasa. Ba ta ɗauka ba. Kulu, yarinya mai saurin koyo, ta duƙa ta ɗauki hoge ta wurga. Aka ji tim. Albarka ya ƙyalƙyale: "Ɗiyar ga taka za ta yi wayo!"

"Allah shi raya su, Malam," in ji matar a hankali. Ta ja jiki ta koma inda ta fito.

Washegari da la'asar suka iso gida. Inno na bakin ƙofa, ba ta ko amsa sallama ba.

"An gani?"

"An gani," in ji Sambo.

"Inno, Inno!" Kulu ta ruga ta rungume ta. "Na jefi wata kuturwa, na same ta ga goshi!"

Inno ta dubi ɗanta, ɗanta ya dubi ƙasa. Shekara uku da suka wuce su biyun nan suka shimfiɗa tabarma suka karɓi gaisuwar mutuwar matar Sambo, alhali kuturta ce ta kama ta, don kada Gwandu ta daina sayen zanen gidan, kada kuma wata rana a rasa mai neman Kulu. Ai kuwa dabara ta yi kyau, har ta wuce yadda suka so: yarinya ta jefi uwar da ta haife ta, kuma ba ta kuskure ba.