Ƙarfen da Ba na Haihuwa Ba

"Wuƙa," in ji likita.

Smaranda na kwance bayan labule, allura ta kashe mata ƙasan jiki, amma kunnenta garau. Shekara goma sha biyu tana wanke kayan tiyata a wannan asibitin na Galați, babu ƙarfen da ba ta san aikinsa ba. Wuƙa ta tsaga fata. Matsi ya kama jijiya, jini ya tsaya. Faffaɗan ƙarfe ya kare mafitsara. Sai kukan jaririya.

"Mace ce, Yaya! Kaico, ta kwaso hancin mijinki Grigore," in ji ƙanwarta Lenuța, nas ɗin da ke miƙa kaya.

Smaranda ta yi dariya. Saura allura da zare.

"Ba ni matsin bututu," in ji likita.

Dariyar ta ɗauke. Da wannan ake kamo bututun mahaifa a ɗaure, haihuwa ta ƙare ke nan.

"Likita, tsaya! Ban nemi ɗauri ba!"

"Ga sa hannunki, baiwar Allah."

Ta tuna takardun da ta sa wa hannu tana murƙususu, Grigore na riƙe mata su.

"Maci amana! Ku kira min shi!"

"Bar bawan Allah, ko karanta su bai yi ba," in ji Lenuța, tana miƙa ƙarfen. "Ni na cusa takardar a tsakiya. Huɗu sun ishe ki, Yaya. Ni ko ɗaya ban samu ba."