Matakalar Baya

Da na shanye ruwan sukarin gwajin masu ciki, nas ta ce, "Zauna, ban da motsi sai an ɗebi jini."

Na sulale zuwa matakalar bayan asibitin. Matan nan birnin Busan sun san dabarar: ki hau ki sauka, sukari ya ƙone, sakamako ya yi kyau. Na gaji da gorin surukata, wai ciwon sukari na gidanmu ne.

A hawa na huɗu, ina haki, wata tsohuwa mai goge-goge ta janye bokitinta.

"Daure, 'yar nan, saura hawa biyu. Can ake jinyar jariran masu irin wannan wayon."

Na sauko a hankali.

"Malama nas, yaushe zan dawo a sake gwajin?"