Yaro Mai Haƙuri

Da ta ɗauki ɗan yayanta, sai ta ji kamar ƙunshin zane ta ɗauka. Shekararsa biyu, amma ko kukan ƙiwa bai yi mata ba.

"Kin ga mai haƙuri," in ji Inna, tana murmushi. "Inda kika ajiye shi, nan za ki tarar da shi. Da can kuwa har kaji gudunsa suke yi."

Ita kuwa ta san irin wannan haƙurin. Shekara uku ta yi a ɗakin bincike a ƙasar waje tana kiwon hamsta, wasu mitsi-mitsin ɓeraye masu son gudu a cikin ɗan keke mai juyawa. Takan ba wasunsu gero zalla, ta hana su lizin, sinadarin gina jiki da ke cikin wake. Ba sa mutuwa nan take. Gudun suke fara ragewa, har keken ya tsaya. Wannan binciken ne ya ba ta digirin da duk ƙauyensu Guci ke taya ta murna a kansa.

"Inna, me yake ci?"

"Kunun gero mana, safe da yamma."

"Waken gonarmu fa?"

Inna ta dube ta cike da alfahari. "Ai tun tafiyarki ko ƙwaya ba ta kwana a rumbu ba. Yayanki ya ce duka a kai kasuwa, kada karatunki ya tsaya."

Yaron ya kwantar da kai a kafaɗarta, shiru.