Batirin Lesieli

Soket ɗaya ne tak a zauren cocin, kuma Maikolo, mai kula da zauren, ya riƙe shi kamar gadon ubansa. Tun da guguwa ta karya turakun wuta a tsibirin, kowa da faifan solar cocin ya dogara. Dokar Maikolo ita ce a nuna masa alamar batiri, wanda nasa ya fi ƙasa shi zai fara jonawa.

Ita kuwa Lesieli, alamar batirin kwamfutarta ta ɓace tun da ruwan teku ya taɓa ta, kuma ba ta jimawa a kunne sai ta mutu. Ga shi ranar Asabar ’yarta za ta kira daga Auckland ta nuna mata jikanta na fari.

“Babu alama, babu soket,” in ji Maikolo yana ƙanƙance ido, don tabaraunsa ma guguwar ta tafi da shi.

“Ni da kai da muka yi wasan ƙasa tare, Maikolo?”

“Doka ba ta san wasan ƙasa ba.”

“To, jira Asabar. Za ka ga alama har ta ishe ka.”

Malamin makaranta ya duba kwamfutar, ya latsa nan, ya latsa can, ya ce sai dai a kai babban birni, Nuku’alofa. Jirgin ruwa kuwa sai wata mai zuwa. Mata suka ce ta kai wa Maikolo doya ta lallashe shi. Lesieli ta ce ba ta roƙon abin da yake na kowa. Ta koma kan sana’arta ta zanen ngatu, ƙyallen nan na ɓawon itace, tana bi da siririn tsinke da jan rini.

Ranar Asabar ta shigo zaure, yatsunta jajur, ta buɗe kwamfutar a gaban Maikolo. Can a kusurwar allo ga ɗan batiri, saura ɗan ja siriri. Maikolo ya kai hanci kusa.

“Kai! Wannan ai tana gargara.” Da hannunsa ya zare wayar wani ya jona mata.

Jariri ya bayyana yana hamma. Lesieli ta yi dariya har da hawaye, daɗi ya cika ta. “Hancin kakansa sak!”

“Wa ya gyara miki?” in ji Maikolo, ya miƙa yatsa zai nuna alamar.

Ta buge hannunsa da sauri. Rinin da ke kan allon bai gama bushewa ba.