Jan Layi a Taswirar Gonar Citta

Kwana huɗu Kumai yana fama da manhajar da yake haɗa wa ƙungiyar manoman citta ta Kafanchan. So yake umarnin da ya rubuta ya zana iyakar gona da jan layi kai tsaye a kan taswira, amma layin ya ƙi fitowa.

Ran Juma'a ya bar kwamfutar a kunne ya je aski. Yana dawowa, sai ga jan layi ya kewaye gonar tsaf. Nan take ya kira shugabar ƙungiya, Madam Clara, ta hau keke ta zo.

"Kin gani, Madam? Da kansa yake zanawa."

"Ya yi kyau. Nuna mini gonata ta Zonkwa."

Ya canza taswira, layin bai motsa ba. Ya kashe kwamfutar, layin yana nan a baƙin allo.

Mahaifiyarsa, Mama Milka, ta leƙo daga kicin.

"Na gaji da jin kukanka kan jan layi, ɗana, sai na zana maka."

"Da me, Mama?"

"Da fentin da muke rubuta suna da shi a buhun citta. Ko ruwan sama ba ya wanke shi."