Injin Gahawar Ozioma

Ozioma ta kurɓi gahawar, ta yamutsa fuska, ta watsar da sauran a kwata. Ta ɗauraye kofin, ta koma gaban injin.

Shekara da shekaru, duk mai biki a Unguwar Boro ita yake nema ta yi masa girki. Da wannan sana'ar ta riƙe gida bayan mutuwar mijinta, da ita ta kai ɗiyarta Munachi jami'a. Amma tun da keke napep ya kife da ita a hanyar kasuwa, ta bugu a ƙeya har aka yi mata ɗinki, abubuwa suka fara juya mata baya. Kafin ta warke wasu masu girkin sun shige mata gaba. Da ta dawo aiki, uwar wata amarya ta ce daddawa ta yi yawa a miya. Matan wani coci suka mayar mata da kula cike da dafa-duka, ba wanda ya ce mata komai. Ita dai ta san laifin kasuwa ne, kayan ƙamshin yanzu duk gauraye ne, sai an zuba da yawa.

Ana cikin haka wata masana'anta a Kakuri ta kawo injiniyoyi daga Italiya. Manajan ya ce zai gwada ta da abincin rana. Sharaɗinsa ɗaya: bayan abinci a ba baƙin esfireso, gahawar nan mai kauri da suke sha a ɗan mitsitsin kofi. Idan ta burge su, aikin nata ne har su tafi. Ozioma ta ce ta iya. A ranar ta fara jin sunan.

A shagon Wilfred da ke Sabon Tasha ta tarar da injin gahawa iri biyu. Ɗaya ana jefa masa ƙullin gahawa ne shiryayye, sai a danna maɓalli, amma Wilfred ya faɗa mata gaskiya, ƙullin wahalar samu yake yi a Kaduna. Ɗayan ƙarami ne, da tankin ruwa a baya da ɗan gwangwani mai mariƙi da ake cika wa gari. Shi ta ɗauka, ta haɗa da na'urar niƙa da ƙwayar gahawa 'yar Mambila.

Ta bi duk abin da ya nuna mata. Ta bar injin ya yi zafi, ta niƙa ƙwayar, ta danne garin sosai, ta murɗa mariƙin har ya kama. Gahawar ta zubo siririya kamar zuma, kumfa ja-ja ta taru a sama. A ido ba ta da makusa. A baki kuwa ruwan zafi ne da ɗaci, babu wani abu bayansu.

Ta ƙara laushin niƙan. Ta ƙara gari. Ta daina amfani da ruwan rijiya, ta sayo na gora. Da aka ɗauke wuta ta tayar da janareta, ta ci gaba. Kowane kofi tamkar na baya.

Ana gobe gwajin ta naɗe injin a zane, ta koma shagon.

"Oga Wilfred, ka cuce ni. Jabu ka sayar mini."

Wilfred bai yi musu ba. Ya jona injin a gabanta, ya haɗa kofi ɗaya, ya shanye, ya lumshe ido.

"Madam, ai wannan ko a otal sai haka."

Ta karɓi na biyu ta ɗanɗana. Ruwan zafi da ɗaci. Ta dube shi, ta ga ɗan kasuwa mai kare hajarsa. Ta kwashe kayanta ta fita ba sallama.

Ranar gwajin, tun da hantsi ta gama girki ta jera kuloli a bakin ƙofa. Motar masana'anta za ta zo da azahar. Ta sayo sabuwar ƙwaya mai baƙin suya, ta zuba gari har mariƙin ya ƙi murɗuwa sai da ƙarfi. Injin ya yi gurnani, gahawar ta riƙa ɗiga da ƙyar. Zuciyarta na bugawa kamar ta yi gudu saboda yawan ɗanɗana gahawar. Munachi ta kira waya, ta ƙi ɗauka.

Ta kurɓa. Babu.

Ta zauna a ƙasan kicin, ta rufe fuska da gefen zane. "Yesu, me na yi maka?" ta ce, kuka ya ƙwace mata.

Aka buga ƙofa da ƙarfi. Ta zabura, ta zaci direba ne. Hadassah ce, maƙwabciyarta mai tsohon ciki, wadda ɗakinta ke can ƙarshen tsakar gida. Ta toshe hanci da ɗankwali, idanunta sun yi ja.

"Maman Munachi, don girman Allah ki tausaya mini. Tun da kika kawo abin nan nake amai. Na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa, ƙamshin nan bai bar ni ba. Har bakin titi ake jin sa. Ke yaya kike iya zama a cikinsa?"

Ozioma ta juya a hankali ta dubi kicin ɗin. Ta ɗauki ledar ƙwayar, ta cusa fuskarta ciki, ta ja numfashi har ƙirjinta ya cika, kuma a nan ta gane cewa gahawar ba ta taɓa rasa ƙamshinta ba: hancinta ne ya daina jin komai tun ranar da ta bugu a ƙeya.