Wata Shida Yana Faɗuwa da Gangan

Da mai gyaran waya ta gama sauya gilashin wayar saurayinta, wani malamin lissafi, ta kunna don ta gwada, sai wasan faɗan da suke bugawa kullum ta intanet ya buɗe. Amma ba da sunan da ta san yana wasa da shi ba. Wannan jarumin mai takobin wuta yana cikin goman farko na gwanaye.

Malamin lissafin yana tsaye gaban teburinta, riga ta sha guga, sai murza makullin babur yake.

"Dama da magana na zo," ya ce. "Ina so iyayena su je gidanku."

Ta juyo masa da wayar. "Wannan na waye?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wata shida ina lallasa ka da matsafiyata a wasan nan, ina cika wa ƙawayena baki, ashe da gangan kake faɗuwa?"

"Dariyarki nake so in kin ci."

"Ka mai da ni yarinyar goye, sannan ka zo da zancen aure? Zauna. In ka kuskura ka saurara min, kada in ƙara ganin ƙafarka a shagon nan."

Ya zauna, suka fara wasan, tana ta harba masa walƙiya yana kaucewa. Ba a yi minti biyu ba matsafiyarta ta baje, ko lakutarsa ba ta yi ba.

Ta daɗe tana hararar wayar. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri.

"Kul!" ta ce. "Su zo ranar Asabar. Yanzu nuna min yadda ka kauce wa walƙiyar nan."